Tukunyar Inna a Ma'aunin Birnin Rataye

"Na ce ba za ta ƙara zauna mini a aji ba!"

"Ajin naka ne, Malam Sodangi, ko na makaranta?"

"Ranki ya daɗe, yarinyar nan tarina take yi. Tarina! In na ja kunnena, ta ja nata. Jiya na juya ina rubutu a allo, sai na ji ni da kaina na sallami yara daga bayan aji. Kafin in waiwayo sun watse."

"To ai sai ka gode wa Allah, ka sami mataimakiya."

"Mataimakiyar da ba ta san hagu da dama a ma'auni ba?"

"Kai za ka sanar da ita. Aikin da aka ajiye ka ka yi ke nan."

Duk muryoyin nan biyu daga bakina suke fitowa. Da safe aka yi rigimar a ofishin shugabar makaranta, Malama Goshi, ina tsugune a bakin ƙofa. Da la'asar na kwaso ta na kawo gida, na zube wa Inna ita ɗungurungum, har da ƙarar kujerar da Malam ya ture. Inna tana kwance a gadon kara, tana dariya tana riƙe haƙarƙari. Ni ban yi ba. Na daɗe rabona da dariya. Ina dai raba wa mutane ita, kamar mai tallan ruwan da ba ta jin ƙishirwa.

Amma bari in ɗauko zancen daga bakin zarensa.

Ni ce Kyallu 'yar Barira, mutuniyar Gaɓar Lalle da ke bakin Kogin Waiwaye. Na taka ƙasashe bakwai da takalmi ɗaya, na sha ruwan rijiyoyin da ba su da suna, na ari muryar mutum na ari ta dabba. Abin da zan faɗa muku na gan shi da idona. Wanda ban gani ba na ji shi, kuma kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Shekara uku kafin wannan rigima, Baba ya kamu da wani tari mai taurin kai. Aka ce maganinsa sai Birnin Rataye. Inna ta ɗora tukwanenta biyu na ƙarfe a ka, ta ce za ta je ta yi dambu ta sayar, ta samo maganin. Maganin bai iso ba. Muka binne Baba ranar wata Laraba, kuma tun daga ran nan wani abu ya kife a ƙirjina, ban ƙara jin motsinsa ba. Fatake suka kai wa Inna labari, suka dawo mini da nata: ƙafafunta sun mutu, tana ramewa, tana so a kai ta gida ta ga kogi.

Na kama hanya.

Kogin Waiwaye yakan yi gudu gabas kwana shida, ranar Alhamis ya juyo yamma ya duba abin da ya bari. Ranar Alhamis ɗin na isa mashaya. Mai fito yana kwance cikin kwalekwalensa, ya ce shi ba ya tuƙi ranar da kogi yake tunani. Na zauna. Can na ji matarsa daga cikin bukka tana zazzaga masifa kan wani tulu da ya fasa. Na saurara har na ƙoshi, na zaga bayan ciyawa na ɗaga murya: "Kai malalacin banza, za ka haye da 'yar mutane ko sai na fito da muciya?" Kafin in dawo ya riƙe filafili yana cewa, "Shigo, shigo 'yar uwa, da ma wasa nake."

A Dajin Toka kuraye ne suke tare hanya, manya kamar jakuna. Ba sa tsoron wuta, ba sa tsoron kibiya. Abu ɗaya suke tsoro: atishawar wani maharbi da ya mutu tun zamanin kakanninsu. A bakin dajin akwai wani aku mai shekara ɗari biyu, shi kaɗai ya rage da yake riƙe da atishawar. Na ba shi gyaɗa cikin tafi, ya yi mini ita sau biyu. Na ratsa daji ina atishawar matacce. Kurayen suka tarwatse, wata har ta bar gashin wutsiyarta a jikin ƙaya. Da suka taso ban ji tsoro ba, da suka gudu ban ji daɗi ba. Na duba na ga takalmina ya tsinke, na tsaya na ɗaure shi.

A kwana na talatin da ɗaya na iso gindin dutsen da Birnin Rataye yake bisa kansa. Dutse ne miƙaƙƙe kamar taɓarya, gajimare yana kiwo a tsakiyarsa. Babu matakala, babu hanya. Abin da yake akwai shi ne Ma'auni: wata ƙatuwar taya ta itace a can sama, igiya guda ta ratsa ta, kowane bakin igiyar da faifan katako mai faɗin ɗaki. In wannan ya hau, wancan ya sauka. Hawa ba wuya. Ka zauna a faifan ƙasa, su riƙa zuba yashi a na sama kaɗan-kaɗan har ka ɗaga. Ni tare da lodin albasa aka hau da ni.

Na sami Inna a gidan wata mai sayar da daddawa, Goggo Tabawa, wadda ta ba ta ɗaki. Inna ta dube ni ta ce, "Kin yi tsawo." Na ce, "Ke kin yi gajarta." Goggo Tabawa ce ta yi mana kukan.

Ita ce kuma ta karanta mini dokar sauka. Mai sauka yakan zauna a faifan sama, a kaɗa ganga a faɗa wa masu lodi na ƙasa yawan duwatsun da za su jera a nasu faifan. Duwatsun awo ne, duk nauyinsu ɗaya. Dole lodin ƙasa ya gaza nauyin na sama da dutse biyu cif. In ya gaza da yawa, ka faɗo kamar an jefa ka. In ya yi daidai ko ya fi, faifan ba zai motsa ba. Baƙo kuwa kiran ganga ɗaya yake da shi a shekara, kuma in iskar damina ta taso akan ɗaure tayar sai baɗi.

Na ce, "Goggo, me ya hana su cika faifan su riƙa cirewa ɗaya-ɗaya har ya motsa?"

Ta ce, "An taɓa yi. Faifan ya tashi da mai cirewar, ƙafarsa cikin igiya. Tun ran nan in an gama lodi kowa yakan ja da baya taki ɗari."

"To a auna Inna mana."

Ta rufe mini baki da hannunta mai warin daddawa. "Ke! A nan gawa kaɗai ake daidaitawa da dutse. Mai rai da tulun ruwa ake auna shi, sauran kuma aikin lissafi ne. Kuma ki sani, ɗan birni ba ya yi wa baƙo lissafi. Jinin baƙo a hannun danginsa yake. Sai kin shiga makaranta kin samo shaida, ki yi da kanki."

Haka na shiga babbar makarantar birnin, inda yara suke zuwa in sun gama ƙarama. Su 'yan shekara goma sha biyu, ni sha tara. Gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin benci. Darasin suna kiransa lissafin rufaffiyar ƙwarya, na ji a wasu ƙasashen aljabara ake ce masa. Ana kife ƙwarya a kan abu, a hana ka buɗewa, a ce ka faɗi abin da ke ciki.

Malam Sodangi dogo ne siriri, kuma misali ɗaya yake da shi a duniya. Zai yi tari, ya ja kunnensa na hagu, ya zana ma'auni a allo ya ce, "Wance da duwatsu bakwai sun daidaita da arba'in da bakwai. Cire bakwai nan. Cire bakwai can. Wance arba'in ce, nauyin cikakkiyar mace."

A kwana biyu na kwashe shi kaf: tarin, kunnen, yadda yake jan "bakwai" kamar yana tauna ta. In ya kira ni allo sai in zama shi, yara su kwanta dariya, ya kore ni ba tare da ya duba abin da na rubuta ba. Daga nan rigimar ofis ta taso. Malama Goshi ta ce in zauna, na ci gaba da zama, ban san komai ba.

Sai gajimare ya fara duhu ta gabas. Goggo Tabawa ta ce saura kwana goma sha biyu a ɗaure taya. Inna kuwa ta daina ƙarasa kofin kunu.

Malama Goshi tana da ciwon ido, saboda haka daga bayan asabari take ba da umarni. Ranar da ta fita duba taya, na shige bayan asabarin, na sa aka kira tsohon da yake sassaƙa shaida. Shaidar makarantar allo ne na dutse, mai igiyar ratayawa a wuya, nauyinsa dutse uku daidai.

Na ce da muryarta, "Baba, a sassaƙa wa baƙuwar nan Kyallu. Ta gama."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, tun yanzu? Ashe tana da ƙwaƙwalwa."

"Ni ma abin ya ba ni mamaki," in ji ni.

Kashegari na shiga aji da allon a wuya. Malam Sodangi ya dube shi, ya dube ni. Bai je ofis ba. Ya ce, "Madalla. To al'ada ce sabon mai shaida ya saukar da mutumin yumɓu kafin ya taɓa mai rai. Mu je hasumiya."

A tsakar makarantar akwai hasumiyar gwaji, da ƙaramar taya a kanta. Yara suka kawo mutumin yumɓun, sun ɗaura masa kallabi don wasa. Shi ba mai rai ba ne, ana iya auna shi da dutse. Malam ya ɗora shi a ma'aunin tsaye, ya ajiye duwatsu huɗu kusa da shi, ya jera talatin a ɗaya gefen. Suka daidaita. Ya ce, "Bismillah."

Na yi tari. Na ja kunnena na hagu. Na ce, "Cire bakwai nan." Duwatsu huɗu ne kawai a wurin, na kwashe su na yi kamar bakwai ne. "Cire bakwai can." Saura ashirin da uku. Na rage biyu na sauka, na kira ashirin da ɗaya.

Aka yi lodi, aka zare sakatar da ke riƙe da faifan. Igiyar ta yi kuwwa, birkin tayar ya yi hayaƙi. Mutumin yumɓu ya daki ƙasa ya tarwatse. Kansa ya gangaro da kallabin har gaban takalmina, ya tsaya yana kallon sama. Babu yaron da ya yi dariya.

Malam Sodangi ya ce, "Muryar tawa ce. Tarin ma nawa ne. Amma ni ban taɓa kashe kowa ba."

Na kama igiyar allon zan cire. Ya ce, "A'a, riƙe abinki. Ki yi yawo da shi ki ji nauyinsa. Saura kwana tara."

Na koma gida na yi wa Inna wasan duka, har da ƙarar fashewar yumɓu. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Me ya sa bakwai?"

Na yi tari na ce, "Cire bakwai nan..."

"Ba shi na tambaya ba, uwar kwaikwayo. Ke na tambaya."

Na buɗe baki. Na laluba, na tarar da muryar mai fito, da ta matarsa, da atishawar maharbi, da ta Malama Goshi. Wadda za ta amsa wannan tambaya babu ita. Na rufe bakin.

Inna ta sa Goggo Tabawa ta aro sandar 'yan ga-ruwa, aka rataye ta a azara ta tsakiya, kwando ɗaya a kowane baki. Aka kawo goruba cikin buhu. Inna ta ce in juya baya. Ta kife ƙwarya a kan wasu, ta sa Goggo ta ɗora a kwandon hagu, da goruba uku a fili kusa da ita. A na dama aka zuba har sandar ta miƙe.

Na miƙa hannu zan fara. Inna ta ce, "Tsaya. Ita ƙwaryar ba ta da nauyi ne? Tabawa, sa wata irinta a can." Aka sa, aka gyara gorubar dama, ta koma takwas. Matar nan ba ta taɓa zama a benci ba.

Na ɗauke goruba ɗaya a hagu, sandar ta karkace. Na mayar, ta miƙe. Na yi mata muryar Malam, ba ta kula ba. Na yi mata ta Malama Goshi, ko gezau. Sandar ba ta san muryar kowa ba. Sai na ɗauke ɗaya a hagu da ɗaya a dama lokaci guda, ta tsaya cak kamar ban taɓa ta ba. Na sake. Na sake. Ƙwarya ta rage ita kaɗai, a can kuma goruba biyar.

Na ce, "Biyar." Wata murya ce ƙarama, a shaƙe, ban san ta sosai ba.

Inna ta ce, "Buɗe." Biyar ne.

Kwana takwas muna wannan. Inna ta riƙa kife ƙwarya biyu, uku, masu ciki iri ɗaya, har na gane in ƙwarya uku sun daidaita da goma sha biyu, raba su zan yi uku kowa ta ɗauki rabonta. Ta riƙa sa ƙwarya a kowane gefe don ta ruɗa ni. In na kuskure ta ce, "Kin kashe ni." In na dace ta ce, "Na sauka." Ranar farko ta mutu sau goma sha ɗaya. Ranar ta takwas ba ta mutu ba ko sau ɗaya, sai dai ta gaji da magana, da yatsa take nunawa.

Ranar ta tara da hantsi muka tafi makaranta awo. Goggo Tabawa ce ta goya Inna, ba ta ko numfashi da ƙarfi. A birnin ba a barin mai rai shi kaɗai a faifai, sai a ba shi tulu guda abokin zama. Inna da tulu ɗaya suka daidaita da tuluna biyar. Ni da tulu ɗaya muka daidaita da bakwai. Sannan aka sauke mu, Malam Sodangi ya ɗora tuluna uku, ya jefa duwatsu biyu kusa da su da gangan, ya jera ashirin a ɗaya gefen. Suka miƙe. Ya ba ni alli, ya harɗe hannu.

Ban yi tari ba. Biyu nan, biyu can, saura goma sha takwas a kan tuluna uku. Tulu ɗaya dutse shida. Ni tuluna shida, wato talatin da shida. Inna tuluna huɗu.

Ashirin da huɗu.

Na sake yi. Na sake yi sau na uku. Wancen nan ta misalin Malam arba'in ce, kuma Innar da na sani, wadda ta fita da tukwane biyu a ka, ta fi ta nauyi. A birnin ba a faɗin nauyin mutum da baki, sai na shafe lambar da gefen zanena.

Inna ta ce, "Nawa na kai?"

Na ce, "Kin kai."

Na haɗa mu biyu, sittin. Allon wuyana uku, domin doka ta ce da shi ake sauka, sittin da uku. Na rage biyu. Na nuna wa Malam. Bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba, jinin baƙo ba nasa ba ne. Kunnensa kawai ya ja.

Muka wuce bakin dutse. Iska ta riga ta fara kaɗa zannuwan shanya. Aka kaɗa ganga, sittin da ɗaya. Muka jira har amsa ta taso daga ƙarƙashin gajimare: an yi lodi, an ja da baya. Goggo Tabawa ta shiga ta kwantar da Inna a faifai, ta daɗe tana gyara mata zane tana sharɓar kuka, sannan ta fito. Na shiga na riƙe sandar birki. Mai sakata ya kama sakata.

Na ce, "Dakata."

Makonni na yi ina jin mutane suna sauka daga wurin nan. Kafin a zare sakata, igiyar takan yi wani gunji ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma cikin tulu. Na iya shi da hancina. Yau ba shi take yi ba. Yau kukan sauro take yi.

Na durƙusa na ɗaga zanen Inna. Tukunyar ƙarfe ce baƙa, ta rungume ta a ciki kamar jaririya.

"Inna."

"Ta uwata ce."

"Ba ta cikin lissafi. Ba ni ita in miƙa wa Goggo."

"Tabawa na bar mata ɗayar. Wannan in an sauke ta, a sauke ni."

Goggo Tabawa ta ce daga bakin faifai, "Wallahi ita ta matsa mini. Cewa ta yi ai ba komai a cikinta."

Mai sakata ya ce, "Ke baƙuwa, kira ɗaya ne, kuma an yi shi. Ga iska nan. Za ku sauka ko in ɗaure?"

Na ja tukunyar. Yatsun nan da ba sa iya riƙe kofin kunu suka ƙi saki. Na sake ta, na zauna a kan dugadugaina. A ƙasa babu mai ƙara mana ko tsakuwa. In za a gyara, sai dai daga nan sama.

Na ce, "Inna, tukunyar nan an taɓa auna ta?"

"Ranar da na shigo birni. Su biyun aka ɗora, suka daidaita da tulu guda. Ina kallo."

"Girmansu ɗaya?"

"Tagwaye ne. Maƙeri ɗaya ya zuba su rana ɗaya."

Tukwane biyu, dutse shida. Ɗaya, uku.

Na cire allon daga wuyana. Malam Sodangi yana tsaye a bakin faifai, rigarsa tana kaɗawa. Na miƙa masa. Na ce, "Allah gafarta Malam, da ma ba nawa ba ne."

Ya ce, "Doka ta ce da shaida ake sauka."

Na ce, "Uku ya shigo, uku zai fita."

Ya miƙo hannu. Sannan ya karɓa, ya yi tari, ya juya yana kallon gajimare kamar wanda aka ba aikin ƙirga shi. Na kasa kunne. Sauro ya tafi, ƙudan zuma ya dawo.

Na ce, "Zare."

Faifan ya yi ƙara, ya nutsa kaɗan, ya fara tafiya a hankali kamar tsohuwa tana sauka daga kan jaki. Fuskar Goggo Tabawa ta ƙanƙance ta ɓace. Muka shiga gajimare, komai ya yi fari, raɓa ta jiƙa mana gira. A tsakiyar hanya ɗaya faifan ya wuce mu yana hawa, duwatsu sittin da ɗaya zaune a kansa jere, shiru.

Inna ta ce, "Kyallu. Yi mini babanki."

Tun ranar Larabar nan ban taɓa yin muryarsa ba, ita kaɗai na bari ban taɓa ba. Na ce ban iya ba. Ta ce, "Ƙarya kike." Na riƙe birki da hannu biyu, na dubi farin da ke gabana, na ce yadda yake cewa in ta dawo daga kasuwa, "Barira, kin daɗe. Na ce ko kin sayar da kanki ne."

Ta yi wani sauti, ban san ko dariya ce ba. Muka fito ƙarƙashin gajimare. Can nesa, bayan Dajin Toka, wani siririn zare yana ƙyalli. Na ɗaga kan Inna na nuna mata. Ta ce, "Yau wace rana?" Na ce Alhamis. Ta ce, "To yana dawowa ke nan."

Faifan ya taɓa ƙasa ba tare da tukunyar ta ko yi ƙara ba.

Masu lodi suka matso daga takinsu ɗari. Shugabansu wani ƙato ne mai sanda, ya zo yana duban wuyana, ya zaga bayana ya duba, ya dawo.

"Ke, ina shaidarki? Wa ya sauko da ku ba shaida? Shekarata talatin a gindin dutsen nan ban taɓa ganin haka ba. Na ce ina shaidar?"

Na buɗe baki. Inna ta riga ni. Ta ture zanenta, ta ɗago baƙar tukunyar da hannu biyu, ta miƙa masa.

"Ga ta nan, ɗan nan. Duba da kyau ka ba ni abata. Nauyinsu ɗaya."